Tudun da Aka Kawo a Kwando

Wannan tudun ba ƙasa ce ta haife shi ba,
in ji kakata Tegwen,
a kwando aka kawo shi.
Ina yaro, na ɗauka zolaya ce.

Yau shekarata saba'in da ɗaya.
Tumakina arba'in ke kiwo a kansa,
gwiwata ta haddace hawansa:
taku ɗari da shida in ƙasa ta bushe,
in an kwana ana yayyafi, sai yadda hali ya yi.

Ga gwalalo nan ya zagaye shi kamar awarwaro,
rabinsa ƙaya, rabinsa ganyen bara.
Can ƙasa, inda fili ya yi siffar ƙoda,
ganuwa ta durƙusa har ta koma kunyar gona.
Nan aka ce maƙera take, da rumbu, da barga.
Yanzu karena Mot ke kwanciya a wurin
yana gadin abin da babu.

Normawa ne, daga ƙetaren teku.
Da kaka suka iso kan iyakar Wales,
hatsi bai gama shiga rumbu ba.
Ba sa jin harshenmu,
amma sanda ba ta neman tafinta.
Aka tattaro mazan ƙauye uku:
haƙa nan, zuba can.
Ramin da ka haƙa da safe,
shi ne tudun da za a hau da yamma a ƙirga ka.

Kafin ƙanƙara ta sauka sun kafa kafi,
sun ɗora hasumiyar katako a ƙoli.
Sau biyu aka ƙone ta.
Ta farkon mutanen tsauni ne, da dare.
Ta biyun, an ce kuku ne ya yi gyangyaɗi.
Daga nan mai gidan ya gaji,
ya bi kogi ya gina na dutse,
ya bar wa zomaye sarauta.
Sunansa? Ko limamin cocinmu bai sani ba.

Bara ɗaliban jami'a suka zo da igiya da cokulan haƙa,
da wata malama, Meinir, mai tabarau ɗaure da zare.
Mako uku suna kankarar gefen tudu.
Abin da suka samu bai cika hulata ba:
ƙusoshin takalmin doki, tsingaro,
ƙashin alade, gawayi.

Ranar da za su rufe ramin ta yafito ni.
Idwal, zo ka gani.
Jikin ƙasar layi-layi ne kamar saƙi,
jan yumɓu, tsakuwa, jan yumɓu kuma.
Ta ce kowane ɗan kumburi da kake gani
kwando ɗaya ne, juyi ɗaya, bayan mutum ɗaya.

Na sa yatsa ina bi.
Cikakke, cikakke, cikakke,
sai ga wani siriri, bai kai rabi ba.
Wani ya gaji a nan.
Ko kuwa mai sanda ya juya baya,
shi kuma ya rage wa wuyansa kaya.
Shekara ɗari tara, ba wanda ya kama shi sai ni.
Na ce da ita: wannan namu ne,
na san irin halin, a gidanmu yake.
Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Sun tafi, ciyawa ta ɗinke wurin.
Hukuma ta kafa allo a bakin ƙofa:
kada a haƙa, kada a ɗebi ko tafi guda.
Na bi doka.
Amma in hadari ya taso daga yamma,
nakan tsaya gindin itacen tufa ina kallo,
jan ruwa na gangarowa siriri-siriri,
yana mayar da tudu cikin raminsa.
Ba kwando, ba mai ƙirga.
Ba ya ma sauri.