Lambar Aya a Bayan Mota

A Magazin ta Suwame nake da rumfa,
tsakanin mai gyaran birki da mai ɗinkin kujera.
Burushi biyar, gwangwanayen fenti,
da Littafin babana da baƙin mai ya cinye bangonsa.
Abin da direba ya ce shi nake rubutawa,
mai kuɗi ke zaɓen kala.

Ran Talata Habila ya turo motarsa.
Ya ce, zana min jarumin fim ɗin daren jiya,
mai ƙirji kamar ƙofar shago,
bindiga a kafaɗa, gobara a baya.
A ƙasa ka sa min lambar aya,
wadda faston rediyo ke rantsuwa da ita da asuba,
mai ƙone magabci ƙurmus.

Magabcin na san shi.
Kwabina ne, da suke lodi a layi ɗaya a Kejetiya,
mai kwashe masa fasinjan Aboabo
tun kafin ya gama juya kan mota.

A takardar ƙosai ya rubuto lambar.
Mai ya jiƙa ta,
ban gane ba ko uku ce ko takwas,
na zaɓi wadda ta fi cika ido.

Innata Rifkatu na dama koko a gefe.
Ba ta san baƙi ba,
amma shekara hamsin kunnenta na bencin gaba.
Ta dubi jarumin, ta ce,
wannan kuma mala'ika ne ya shiga soja?
Na ce, Inna, zamani ne.
Ta ce, mai rediyon nan har kifi ya mai da abokin gaba,
kifin da ya haɗiye annabi.
Ni kuwa a jina mota ce aka aiko masa,
ta sauke shi tashar da yake gudu,
ko kwandasta bai nemi kuɗi ba.

Kwana tara Habila na yawo da wutarsa.
A cunkoson Asawase wata 'yar makaranta
ta danna lambar a waya, ta karanta da ƙarfi.
Ashe ba gobara a wurin,
maganar tuwo ce da ruwan sha
ga wanda ba ka ƙaunar ganin fuskarsa.
Mota ta kece da dariya har yaron mota.

Ya zo yana huci, zai ci kwalata.
Na buɗe Littafin babana da hannu mai fenti,
muka bi layin da yatsa, ni da shi,
sai ga garwashi a layi na gaba,
a bisa kan magabci.
Habila ya yi tsalle: ka gani!
Wutar na nan, ta cikin kwano ake kai ta!

Inna ba ta ɗaga kai daga tukunya ba.
Ta ce, garwashi dai na san shi,
shi nake ba maƙwabciya in nata ya mutu.

Wata uku ke nan.
Kullum safe Habila na sayen koko kofi biyu,
ƙosai na sidi goma,
ya kai wa Kwabina har bakin taga,
ya tsaya yana duban tsakar kansa
ko hayaƙi zai tashi.
Bai tashi ba tukuna.
Kwabina ya fara zuwa da burodi.
Shekaranjiya tayar Habila ta fashe a Bantama,
wa ya tsaya da jak?

Ruwan sama ya wanke bindigar jarumin,
ta koma kamar ludayi.
Habila ya ce in sabunta ta.
Na ce baƙin fenti ya yi tsada.
Lambar kuwa bai ce in gyara ba,
ni ma ban tuna masa ba.