Mandirinet, a Tsibirin Rodrigues

Ke 'yar dangin yakuwa,
kakata Zeliya ta ce da can
tsaunin nan ja yake yi da furenki,
har masunta kan hango shi daga teku
su san sun kusa gida.
Awaki suka zo, gatari ya biyo sawu.
Yanzu ku uku kuka rage a gefen dutse,
inda ko akuya ba ta iya hawa.

Florisse ya ɗaura igiya a ƙugu,
ya sauka, ya yanko mini rassa,
kowanne bai kai tafin hannu ba.
Na soka su cikin yashi da ɓawon kwakwa,
na kifa musu gorunan roba.

Sha biyu na dasa. Tara suka ruɓe.
Guguwar Fabrairu ta ɗauke ɗaya, har da tukunyar.
Sauran biyun, da fitila nake bi cikin dare
ina tsince musu dodon koɗi.

Yau da asuba, ga toho:
ganye biyu, kamar kunnen ɓera.
Ban gaya wa kowa ba tukuna.
Na kifa bokiti na zauna,
shayina ya huce a hannu.