Mai Ƙanƙara Zai Je Ganin Ƙanƙara

Shekara ashirin da biyu ina sayar da sanyi a Maradi,
bulo-bulo, a naɗe cikin buhu da ƙaiƙayi,
daga bakin tasha har lungunan Bagalam.
Duk ɗigon da ya faɗi ƙasa, dala ce ta gudu.
In kuran ya ɗauke, numfashina ya ɗauke,
in zauna gaban firigo kamar mai jinya,
dukiyata na komawa ruwa, ni ko ina jira.

Sai ga saƙon ɗiyata Barira,
wadda karatu ya kai ƙasar da rana ke da kunya:
"Baba, na tara kuɗin aikin hutu.
Zo ka ga inda hajarka take zube ba mai ita.
Duwatsu uku ne, kafaɗa da kafaɗa,
tikiti guda ya ishe ka dukansu."
Ta turo taswira a waya. Na sa tabarau, na lura.

Kore, shuɗi, ja da baƙi,
layuka sun gangaro kamar zaren da kaza ta tona.
Ta ce kore na 'yan koyo ne,
baƙi na waɗanda ba su bar iyali a gida ba.
Na ce, babu wanda ya fi koren sauƙi?
Ta ce akwai: benci, da shayi, da hira.

Mun raba kwanakin kamar naman watanda.
Litinin, ƙaramin dutse, can ake koyon faɗuwa.
Talata, na tsakiya, in gwiwa ta amince.
Na ukun, wai kujeru ne rataye a igiyar ƙarfe,
su ɗauke ka sama da itatuwa, ƙafa na lilo.
Na ce wannan a bar shi tukuna,
sai na yi istihara.

Na sayo kwat a gwanjo, jikka shida da ciniki,
mai shi na farko ya fi ni tsawon hannu.
Ɗan Barmo tela ya juya shi, ya shinshina,
ya ce, "Da zafin nan? Ko dai jikin ne?"
Ya rage hannun, bai karɓi kuɗin gyara
ba, sai dai in zo masa da hoto.
Da dare na sa shi, na buɗe firigo,
kaina da kafaɗuna duka na zura.

Cindo yarona ya samo katako biyu wurin kafinta,
muka tafi gangaren Gulbi bayan la'asar.
Ya ɗaure min su da robar taya,
ya ba ni sanda biyu, ya ce bismilla, ya tura.
Katakon bai motsa ba. Ni na motsa.
Har yau akwai yashi a kunnena na hagu,
masu ban-ruwan lambu kuwa sun samu labarin shekara.

Tabawa ta ɗaure kilishi da yaji da ƙuli-ƙuli,
tana tambayar abin da taswira ba ta nuna ba:
ina gabas a can?
Da wane ruwa za ka yi alwalar asuba?
In ka karye, akwai mai ɗori, ko sai ka dawo a ɗora?

Jiya na ɗauko littafin bashi,
na ce bari in yi wa dutse guda kuɗi,
bulo ɗaya dala arba'in.
Shafi ya cika da sifili ban kai ƙugunsa ba.
Na rufe. Abin ya fi gaban ƙirga da tara.

Biza ba ta fito ba.
Wa zai kwana da firigo, ban sani ba tukuna.
Barira tana tsammanin zamiya ce ke kai ni,
ban gaya mata ba.
So nake in tsuguna a gindin ƙaramin dutsen nan,
in cika tafin hannuna da ita,
in bar ta ta narke, ta bi tsakanin yatsu,
ina kallo har ɗigon ƙarshe,
sau ɗaya a rayuwata ban kira shi asara.