Zugazugi

A bayan firamaren Gamsarka,
inda tsamiya ke zubar da 'ya'yanta,
Gwadabe ya jera mu, mu tara,
bayan asuba, raɓa na lasar ƙafa.

Shekara shida ya yi yana dafa wa wani ɗan Sin abinci
lokacin da ake haƙa magudanan fadama.
Tsohon bai bar masa ko sisi ba,
tsayuwa ya bar masa, da numfashi.

Mu kunfu muka zo nema:
tsalle, juyi, marin iska da diddige,
irin na cikin wayar Sagiru.
Gwadabe ya ce, "Ku buɗe ƙafa.
Ku sassauta gwiwa kamar mai zama a kan turmi.
Ku rungumi tulun da babu shi."

Muka runguma.
Rana ta fito ta same mu rungume da babu.
Mata masu zuwa rijiya suka toshe dariya da mayafi,
cinyoyina na kaɗawa
kamar karan dawa ranar hadari.

"Wannan shi ne cigon," in ji shi.
"Ja iska ta hanci, kai ta ƙasan cibiya,
zuba ta a hankali kamar gero a rumbu,
kada ka watsar kamar mai sheƙa."

Mako uku, ko naushi ɗaya.
Sagiru ya tafi, Ilu ya bi shi,
wai gara dambe,
can ko ba komai akwai kalangu.
Ni ma na karkaɗe silifas ɗina.

Ya ce, "Kai ɗan maƙera ne.
Me ake ji daga ƙofar babanka?"
Na ce guduma.
"Wa ya taɓa yi wa zugazugi kirari?"
Na ce ban ji ba.
"To ɗauke shi gobe, ka bar masa gudumar."

Ban ɗauke ba. Zama na yi ina kallo.
Fatar akuya biyu, wannan ta tashi, wannan ta kwanta,
ba gaggawa, ba fashi.
Gawayi ya yi ja, ƙarfe ya sauke taurin kai,
sai can guduma ta zo ta kwashe yabo.

Da aka yanke shinkafa
ya koya mana duka na farko, mu huɗun da muka rage.
Na miƙa hannu, buhun yashi ya ja baya,
kafaɗata kuwa ba ta san an yi ba.
Daga ƙasa abin ya taso,
ya bi ta rumbun nan, ya fita.

Ranar kasuwar Auyo Sagiru ya tare ni,
ya ture min hula:
"Mai tulu, nuna mana!"
Na ja iska, na kai ta inda aka ce.
Fushi ya biyo ta, ya rasa wurin zama.

Na ɗauki hulata na karkaɗe,
na sayi gawayin da aka aike ni.
Baba na jira, wuta ta kusa mutuwa.