Ƙusa a Cikin Maɗaci

Daren da iskar bazara ta kayar da maɗacin ƙofar gidanmu
a Tudun Jukun,
kafin gari ya waye masu gidan burodi sun zo da tayi,
masu gawayi sun zo da amalanke.
Na ce a bar mini abina.
Tasalla ta dube ni ta saman tabarau:
“Fansho ne ya yi maka yawa, ko zaman gida?”

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa motar madara a Shika,
ko gizago ban taɓa riƙewa ba.
Zarton inji a Sabon Gari na tsince shi,
na hannu, haƙora duk sun dakushe.
Kwana biyu ina bin su da magagari ɗaya bayan ɗaya,
na shayar da shi fetur da baƙin mai.
Na ja igiya, ya yi tari sau uku,
sannan ya buɗe murya.
Kajin Maikano suka haura katanga,
jariri ya farka a gida na huɗu.

Sai da muka yi sulhu da unguwa:
daga hantsi zuwa azahar,
ban da Juma'a.

“Kada dai ka sassaƙo mana gunki,” in ji Maikano.
Na ce ni ma ban san abin da ke ciki ba.
Ina yanka, ina ja da baya, ina kallo.
Jan gari ya cika mini gemu,
ɗaci har maƙogwaro,
ashe ba a banza ya ci sunan ba.
Da dare hannuna bai daina rawa,
shayi na zuba a kan tabarma.

Ran Talata ta uku
sarƙa ta ci karo da wani abu.
Tartsatsi. Zarto ya yi tsalle kamar ɗan akuya,
saura ƙiris ya ɗanɗani gwiwata.
Na kashe shi.
A cikin shirun na ji jiniyar jirgi can wajen Kwangila.

Da wuƙa na tona.
Ƙusa ce, doguwa, baƙa,
itace ya haɗiye ta ya rufe baki
shekara hamsin da ɗoriya.
Na san ta.
Baba Jatau ya kafa ta don rataye rediyo,
ya ji kuɗin auduga bayan magariba.
Ni na riƙe masa ita.
Guduma ta kuskure, ta sami babban yatsana,
ya hura mini, ya ce kada in gaya wa Inna.
Har yau farcen a karkace yake fitowa.

Haƙora uku ta karya mini.
Ban cire ta ba.
Na sayo wata sarƙar, na dinga kewaya ta a hankali
kamar mai aske kan jariri.

Kujera ce ta fito, mai dogon baya,
ɓari ɗaya ya fi ɗaya tudu,
sai an sa mata guntun bulo take zama daidai.
Maikano ya ce aikin banza ne,
kuma tun ranar kullum a kanta yake shan rake.
Tasalla na rataye tabaranta a ƙusar
in za ta yi alwala.

Saura gungume biyu a bayan gareji.
Na lulluɓe su da leda
sai ruwa ya ɗauke.