Aron Ido

A Halifax, gida na ƙarshe kafin gadar jirgi,
Wilf Sugden kan jira in gama ɗauraye kofuna
kafin ya ce, "Tsahara, ara mini idonki."
Nasa sun yi yana tun bara waccan.

Na ce masa mu kan sarki muke kiran abin nan.
Ya yi dariya har da tari.
Ai kan sarauniya ne, tun tana ɗanyar yarinya,
baƙi wuluk, kwabo ɗaya, gefensa ba haƙora,
almakashi ne ya raba shi da 'yan'uwansa.

Sha biyu a jere, sule guda.
Jeri ashirin, fam guda cif.
Lissafin kakata ke nan ranar kasuwar Maigatari,
ban zaci zan iske shi nan ba,
kwance a kundi mai warin tsohuwar takarda.

Nakan ɗauko ɗaya da hantsaki,
in sa shi ƙarƙashin gilashi, in kanne ido.
Harafi a kusurwar hagu, wannan jerinsa ne,
harafi a dama, wannan mazauninsa.
Wannan kam ko yaro ya karanta.
Aikin yana ga sanin wane farantin ƙarfe ya haife shi,
don kowane faranti yana da waɗannan haruffa,
kuma da hannu aka buga su, ɗaya bayan ɗaya,
hannu kuwa yakan gaji kafin la'asar.

"Faɗa mini yadda ya zauna."
Na ce ya jingina da bangon hagu kamar mai jiran bashi,
ɗayan ya ɗaga sama kaɗan, ƙafarsa ta yi kauri,
ga kuma wani siririn layi, bai kai gashin gira ba,
ya gota ta saman tauraro.
Ya yi shiru. Ruwa na dukan taga.
"Na huɗu," ya ce. "Duba littafi."
Na duba. Na huɗun ne.

Mutumin da jiya ya kira ni da sunan ƙanwarsa,
wanda ya sa takalminsa cikin firji,
bai taɓa ɓata a gidan ɗari biyu da arba'in ba.

Na shafa kumatuna, inda wanzami ya ja mini uku-uku
ina 'yar kwana bakwai.
A bas ana kallonsu a kau da kai.
Shi da ya taɓa su da yatsa, cewa ya yi,
"To, ke ma an san farantinki."

Gurbi goma sha tara suka rage a kundin.
Shekara arba'in yana tara dangi
da aka watsa a kan wasiƙun haya da na ta'aziyya,
kowanne da jan hatimi a fuska.
Ya san ba zai cike ba.
Ɗansa ya riga ya kira mai gwanjo daga Leeds,
na ji shi a waya, a bakin ƙofa, yana rage murya.

Ƙarfe tara saura kwata, lokacin magani.
Fara ɗaya, ruwan ɗorawa biyu.
Ya haɗiye, ya goge baki da bayan hannu,
ya tura mini wata ambulan da ta zo da safe.
"Ɗaya tak, sai ki tafi."
Bas ɗina na wucewa ƙarƙashin gada, ina jin sa.
Na jawo fitila kusa.