Kwana na Uku a Ajin Bashi

Mu goma sha biyu a tsohon lakkol na Garin Malam,
benci ya yi mana kaɗan.
Malama Barira ta ja layi a allo:
nan shiga, nan fita.
Ta ce, kada ku fara da lissafi.
Ku sha ruwan gidan tukuna,
ko da shi ma bashi aka ɗebo shi.
Wanda ake bi ya ƙoshi da wa'azi.

Aka kawo misalin Ilu mai kabu-kabu:
jaka tamanin ta babur,
adashi biyu, yana zuba wannan da kuɗin wancan.
Muka yi ta gyara masa rayuwa da alli.

Ni na yi shiru.
Sunana yana littafin Alhaji Mato a Kasuwar Dole,
shinkafa da mai, tun kafin azumi.
Wata huɗu ina zagayawa ta bayan duwatsu
don kada in bi ƙofarsa.

Bashi hanji ne, in ji Malama.
Ba ta dube ni ba.

Da la'asar na bi ta ƙofar,
jaka ɗaya a tafina, ta jiƙe da gumi.
Na ce, Alhaji, buɗe shafin,
mu zauna.